Bayan an Watse Taron Suna, Wa ke Duba Zuciyar Mai Jego?

 

Sharhinmu na yau a kan ciwon zuciya ne. Na san da an ambaci ciwon zuciya, hankalin yawancinmu zai tafi ga alhajin birni da ya ba sittin baya, mai tumbi, mai cin maiƙo, wanda ko masallacin unguwa a mota yake zuwa. Akwai nasa, kuma zan taɓo shi. Amma ciwon zuciyar da likitocin duniya suka san ƙasar Hausa da shi, na yarinya ce siririya 'yar shekara 18 ko 25, wadda ta haihu lafiya, aka yanka rago, aka raɗa suna, 'yan biki suka watse, sannan bayan mako uku ko wata biyu numfashi ya fara gagarar ta.

Da gajiya yake somawa. Ta ɗauko tulu daga zaure zuwa gindin randa, sai ta tsaya tana haki. Ta ɗaga taɓarya kaɗan, sai ta dafa turmi. Daga nan dare ya zame mata abin tsoro: da ta kwanta rigingine numfashi ya sarƙe, ta tashi zumbur, ta kwana a zaune jingine da bango, jariri a cinya, tana tari busasshe. Ƙafafu su kumbura har takalmi ya ƙi shiga. Ka danna mata ƙauri da babban yatsa ka ɗauke, gurbin yatsan ya zauna, ya daɗe bai cike ba. Jijiyar wuya ta fito tana harbawa, ciki ya sake ɗagowa. A gida kuwa abin da za a ce sananne ne: sanyi ya shige ta, ba ta gasu ba. Sai a ƙara wa tukunyar wanka itace, a ƙara wa kunu kanwa. Wasu su ce iska ce, wasu su ce sammu. Kafin a yanke shawarar neman amalanke ko babur zuwa likita, makonni sun wuce.

Abin da ke faruwa cikin ƙirjinta kuwa, duk mai lambun albasa a kwarin Tarka zai gane shi. Idan injin ban ruwa ya yi sanyi, ƙararsa na nan, yana ta shan mai, amma ruwan da ke fita bakin tiyo bai isa fangalin ƙarshe. Zuciya tsoka ce mai tura jini. Lafiyayya, a kowane bugu tana tura kashi 55 zuwa 70 cikin 100 na jinin da ya cika babban ɗakinta na hagu. A wannan ciwo tsokar takan saki, ɗakin ya buɗe, abin da ake turawa ya sauka ƙasa da kashi 45, wani lokaci har 20. Jinin da ba a tura ba sai ya dankare a baya, ruwa ya tsattsafo cikin huhu, shi ne sarƙewar numfashin. Ya taru a hanta da ciki da ƙafafu, shi ne kumburin. Ku tuna kuma, a ƙarshen goyon ciki jinin mace yakan ƙaru da kusan rabin abin da take da shi a da, zuciya ta yi wata da watanni tana ɗauke da wannan kaya. Likitoci sun ƙayyade lokacin da ciwon ya fi bayyana: daga watan ƙarshe na ciki zuwa wata biyar bayan haihuwa.

A Japan, cikin haihuwa kimanin 20,000 ake samun mace ɗaya mai shi. A Afirka ta Kudu ɗaya cikin 1,000, a Haiti ɗaya cikin 300. A Sakkwato, nan maƙwabta, binciken da Dakta Simeon Isezuo ya buga a 2007 daga asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ya samu ɗaya cikin 102. A wani asibitin Kano, ɗaya cikin 96. Babu inda aka ba da rahoton yawa irin wannan a faɗin duniya. Tsakaninmu mu na jihar Tawa da Sakkwato kuwa iyaka ce kawai ta takarda: harshe ɗaya, gero ɗaya, jego ɗaya, auratayya ba ta yanke ba.

Labarin binciken a Zariya ya faro. Tsakanin 1969 da 1972, Farfesa Eldryd Parry da Dakta Neil Davidson na asibitin Jami'ar Ahmadu Bello sun tattara mata 224 da suka zo da kumburi da haki bayan haihuwa. Suka lura kusan dukkansu Hausawa ne da Fulani, alhali garin cike yake da wasu ƙabilu masu haihuwa a asibitin nan guda. Suka lura kuma ciwon ya fi yawa a watannin zafi da gumi. Sai suka leƙa cikin gidaje, suka tarar da abubuwa uku: wankan jego da tafasasshen ruwa safe da yamma, kwanciya a kan gadon ƙasa da ake hura wuta a ƙarƙashinsa, da kunun kanwa kullum har arba'in. Kanwa cike take da sodiyom, sinadarin nan da ke cikin gishiri, mai riƙe ruwa a jiki. Zafi kuma yana buɗe jijiyoyin fata, ya tilasta wa zuciya ƙara gudu. Suka ce to, ga dalili. A 1979 Dakta John Sanderson da abokan aikinsa suka duba wasu daga cikin irin matan nan da na'urar hoton zuciya, wadda muke kira eko, suka ga a cikinsu akwai waɗanda zuciyarsu ke turawa da ƙarfinta, ruwa ne kawai ya yi wa jiki yawa. Wannan ya ƙara wa zargin kanwa ƙarfi, kuma tun daga nan ya shiga littattafan koyon likitanci har a Turai da Amurka.

A nan gida Nijar aka buɗe wata ƙofar. Dakta Arnaud Cénac, Bafaranshe da ya yi aiki a babban asibitin ƙasa na Yamai, ya ga matan Zabarma da Hausawa da Fulani suna zuwa da ciwon, kuma galibinsu matan karkara ne matalauta masu aikin ƙarfi har ranar naƙuda. Ya auna wani sinadari a jininsu mai suna seleniyom, wanda jiki ke bukatar ɗan mitsitsi daga gare shi don kare tsokar zuciya daga lalacewa. A rahotonsa na 1992, mata 35 masu ciwon, seleniyom ɗin jininsu bai kai kashi biyu cikin uku na lafiyayyun mata masu shayarwa ba. Abin da ya sa hankalinsa ya je can shi ne abin da ya faru a ƙasar Sin. A gundumar Keshan, tun 1935 aka san wani ciwon zuciya mai kashe yara da mata masu shekarun haihuwa. Daga baya aka gano ƙasar noman yankin ba ta da isasshen seleniyom, don haka hatsinta ma haka. Da aka fara raba wa jama'a ƙwayar sinadarin a shekarun 1970, ciwon ya ja baya ƙwarai. Seleniyom daga ƙasa yake shiga hatsi, ana kuma samun sa a nama da kifi da ƙwai. Ke nan macen da abincinta fura ce da safe, tuwo da miyar kuka da dare, nama sai ranar salla ko suna, ita ce a bakin haɗari.

Kano ce ta ɗauki aikin daga nan, a hannun Farfesa Kamilu Musa Karaye na Jami'ar Bayero da asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano. A 2015 ya auna mata 39 masu ciwon da lafiyayyu 50. Kusan kashi 77 cikin 100 na marasa lafiyar seleniyom ɗinsu ya yi ƙasa matuƙa. A cikin lafiyayyun kashi 22 ne. Sannan daga 2017 ya jagoranci wata rajista ta ƙasa baki ɗaya da aka sa wa suna PEACE, asibitoci 22, mata 406. Fiye da kashi 70 cikin 100 daga arewa maso yammacin Najeriya suka fito. To a nan ne tsohon zance ya girgiza. Da aka jera marasa lafiya da lafiyayyu, sai aka ga wankan jego da kunun kanwa ba su raba su ba, waɗannan suna yi, waɗancan ma suna yi. Abubuwan da suka raba su huɗu ne: rama, wato nauyin jikin da bai kai ƙa'ida ba, rashin zuwa makaranta, rashin sana'ar da ke kawo wa mace kuɗin kanta, da hawan jinin goyon ciki, wanda in ya yi tsanani yake kaiwa ga jijjiga.

Ina so mu ɗan tsaya a nan, don wannan ne gundarin maganata. Shekara arba'in ana ɗora laifin a kan kakanninmu mata da tukunyarsu ta wanka. Laifi ne mai sauƙin ɗorawa, domin ba ya cin kuɗin kowa: a tara tsofaffi a yi masu faɗa, a tafi. Binciken Kano kuwa ya nuna inda nauyin yake, a kan yunwa, da jahilci, da awon ciki da ba a yi ba ko aka yi shi sama-sama. Waɗannan kuwa na maigida ne da na hukuma. Duk wanda ya san tarihin aikin farfaɗo da ƙasa na Keita da aka soma a 1984 ya san wa ya ɗauki duwatsun nan a ka aka jera su a kan tuddai. Mata ne galibi, don maza sun tafi nema. Har yau a ƙauyukan Adar da dama, daga girbi zuwa faɗuwar ruwa, mace ce ke daka, ita ke ɗebo ruwa, ita ke neman itace, da ciki ko da goyo. Jikin da ake yi wa wannan aiki, sannan a ci bashinsa da haihuwa kusa da kusa, shi ne jikin da rajistar nan ta bayyana.

Kada wani ya ji wannan ya ce rediyo ta wanke kanwa. Ba ta wanke ta ba. Binciken ya ce ba ita ce tushen ciwon ba, amma sodiyom sodiyom ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce giram 5 na gishiri a yini, wato ƙaramin cokali guda, a haɗa da na miya da na dunƙulen ɗanɗano da na yaji. Mai jego kuwa ga kunun kanwa, ga ƙauri da ya sha gishiri, ga yajin jego. Lafiyayyar zuciya za ta iya jurewa. Wadda ta fara saki, kowane ludayi ƙarin ruwa ne a huhu. Saboda haka iyayenmu mata, ku da ke tashi tun kafin kiran assalatu ku hura wuta, ku tsoma ganyen dogon yaro a ruwa kuna fyaɗa wa 'ya'yanku don ƙauna, roƙona gare ku ƙarami ne. A sirka ruwan ya zama mai ɗumi, wanda hannu zai iya zama a ciki. A rage kanwa. Ranar da kuka ga ƙafa ta kumbura, ko aka ce maku jininta ya hau tun tana da ciki, a ajiye kanwar gaba ɗaya. Sauran jegon kuwa ku riƙe shi da kyau, domin hutun kwana arba'in, da ciyarwa, da ɗauke wa mai jego daka da tulu, magani ne da ko likita zai sa wa hannu. Abin takaici, wannan ɓangaren mai amfani shi ne talauci ya fara cinyewa.

Seleniyom ma bai zama amsar komai ba. A Haiti, inda ciwon ke da yawa, an auna ba a samu ƙarancinsa ba. A Kano an gwada ba da shi: mata 100, kusan rabi aka ba su maikurogiram 200 kullum har wata uku a kan maganinsu na zuciya. Waɗanda suka sha sun fi samun sauƙin haki da kumburi, mutuwa ma ta fi ƙaranci a cikinsu, sai dai adadin matan bai kai a yanke hukunci a kan mutuwar ba. Kuma seleniyom in ya yi yawa guba ne, don haka ba abin saye a faranti a kasuwa ba ne.

A ƙasashen waje an shiga cikin tsokar kanta. A 2007, Farfesa Denise Hilfiker-Kleiner ta Hanoba a Jamus ta nuna cewa furolaktin, sinadarin da ke kawo ruwan nono, yakan tsage a jikin wasu mata, guntun da ya fita ya riƙa lalata ƙananan jijiyoyin da ke ciyar da zuciya. A 2012 wasu masu bincike a Amurka suka nuna mahaifa ma tana fitar da wani sinadari mai irin wannan ɓarna a ƙarshen ciki, kuma ya fi yawa ga masu hawan jinin goyon ciki, abin da ya bayyana dalilin da ya sa cututtukan biyu suke tafiya tare. A 2016 aka gano kimanin kashi 15 cikin 100 na masu ciwon suna ɗauke da tawaya a ƙwayoyin gado. Ke nan in yaya ko uwa ta taɓa kumburin jego, ƙanwa ta faɗa wa ungozoma tun awon farko.

Daga binciken Jamus aka samu dabarar tsayar da furolaktin da wani magani mai suna buromokiriftin. Farfesa Karen Sliwa ta gwada shi a Soweto a kan mata 20 a 2010, aka ga alamar nasara, aka sake gwadawa a Burkina Faso. Sai dai maganin yana ƙafar da nono. A Hanoba wannan ƙaramin abu ne, akwai madarar gwangwani da ruwa mai tsabta. A Garhanga ko Tabotaki, jaririn da aka raba da nono a wata na biyu an sa shi a hanyar zawo da tamowa. Ga shi kuma sai an haɗa shi da maganin hana daskarewar jini. A ganina wannan hukunci ne na ƙwararren likitan zuciya, mace bayan mace, kuma kada kowa ya hana mai jego shayarwa don ya ji wannan a rediyo.

Maganin yau da kullum kuwa sananne ne, kuma ba shi da tsadar da ake tsoro. Akwai furosemid mai fitar da ruwa ta fitsari, wanda cikin kwana biyu ko uku yakan sa mace ta iya kwanciya ta yi barci. Akwai masu sassauta jijiyoyi irin su enalafiril da kaftofiril, waɗanda ake bayarwa bayan haihuwa kaɗai don suna cutar da ɗan tayi. Akwai masu rage gudun zuciya su ba ta damar farfaɗowa. Inda ake faɗuwa shi ne, da kumburi ya saɓe sai a ce an warke, a bar magani. Ruwan ne ya fita, tsokar tana bukatar watanni, wani lokaci fiye da shekara. A guji kuma ƙwayoyin ciwon jiki irin su diklofenak da ibufurofen da ake saye wurin masu talla, domin suna riƙe gishiri da ruwa. Rajistar PEACE ta bi mata 244 na tsawon kimanin wata 17. Kusan kashi 19 cikin 100 sun rasu, waɗanda zuciyarsu ta koma daidai ba su kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. A Amurka fiye da rabi ke warkewa. Babban abin da ya bambanta su shi ne lokacin da aka iso likita da kuma ɗorewa a kan magani.

Wannan ya kawo mu ga hasashe, wato gane wanda ciwo zai kama tun bai kwantar da shi ba. Ilimin nan a garin Framingham na Amurka ya samo asali, inda tun 1948 aka ɗauki mutum 5,209 ana auna su shekara da shekaru. Daga can duniya ta tabbatar cewa hawan jini, da taba, da ciwon sukari, da kitsen jini su ne ke share wa bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki hanya. Alhajin da na ambata da farko, da ma manomin da bai taɓa shiga mota tasa ba, wannan sashen nasu ne: duk wanda ya kai shekara 40 ya je a ɗaura masa abin awo a dantse, in ya kai 140 bisa 90 an maimaita ya tabbata, to hawan jini ne, ko da kai ba ya ciwo. Amma mutanen Framingham kusan duk Turawa ne, kuma abin da aka auna a jikin wasu ba kullum yake zama daidai a namu ba. A 2019 Farfesa Dike Ojji na Abuja ya jagoranci gwaji a kan baƙaƙen fata 728 a ƙasashen Afirka 6, ya nuna haɗin magani mai amlodifin a ciki ya fi sauke mana jini a kan haɗin da babu shi. Sai da aka gwada a kanmu aka sani.

Ga masu jego ma an fara samun ma'aunin da aka ɗauko daga matanmu. Rajistar PEACE ta nuna waɗanda suka fi shiga haɗarin mutuwa: wadda ba ta kai shekara 20 ba, wadda zuciyarta ke gudu fiye da ƙa'ida, wadda jininta ya faɗi ƙasa, da wadda eko ya nuna turawarta ba ta kai kashi 25 ba. Uku daga cikin huɗun nan, ma'aikacin lafiya a ƙaramin asibiti na CSI zai iya gane su da tambaya, da agogo, da abin awon jini.

Sai kuma sabon abu. Tsakanin 2022 da 2023, Dakta Demilade Adedinsewo ta asibitin Mayo a Amurka, tare da likitocin Najeriya, sun yi gwaji a asibitoci 6, ciki har da na Malam Aminu Kano da na Rasheed Shekoni a Dutse. Mata kusan 1,200 masu ciki da masu jego aka raba gida biyu. Kashi ɗaya aka yi masu awo yadda aka saba. Ɗaya kashin aka ƙara masu da abin sauraren ƙirji na zamani, mai ɗaukar sautin zuciya da lantarkinta cikin daƙiƙoƙi, ya miƙa wa manhajar ƙirƙirarriyar basira ta ce wannan zuciya ta yi rauni ko ba ta yi ba. A kashin farko an gano kashi 2 cikin 100. A na biyu kashi 4, ninki biyu ke nan. Ma'anarsa, ko a manyan asibitoci, rabin matan da zuciyarsu ta raunana suna shiga awo su fita ba a gane ba. Na'urar ta shiga aljihu, kuma ba sai likitan zuciya ne zai riƙe ta ba. Ina fata hukumomin lafiya na jihar Tawa su sa ido a kanta, su nemi a gwada ta a nan, domin daga Madawa zuwa Yamai kimanin kilomita 500 ne, kuma mai haki ba ta iya wannan tafiya don a ce mata je ki dawo.

Amma ba sai mun jira na'ura ba, kuma ga shawarar da na fi so a ɗauka daga sharhin nan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a duba mai jego a yinin farko, da kwana na uku, da tsakanin kwana 7 zuwa 14, da mako na shida. Mu faɗi gaskiya, mata kaɗan ne ke komawa likita don kansu. Don jariri kuwa suna komawa. Rigakafin yara ana yin sa a mako na 6, da na 10, da na 14, kuma waɗannan makonni su ne tsakiyar lokacin da ciwon ke bayyana. Uwar tana nan zaune a kan benci, ta kwance goyo, an auna yaro a sikeli, an ɗiga masa, an yi masa allura, an rubuta a kati, ta mayar da shi baya ta tafi, ba wanda ya kalli ƙafarta. A ƙara minti uku. A tambaye ta ko tana iya kwanciya rigingine ta yi barci. A danna ƙaurinta. A ƙirga bugun hannunta, a auna jininta, a duba cikin fatar idonta don ƙarancin jini, wanda shi ma yana gajiyar da zuciya kuma yana da magani. Wadda aka samu da alama a tura ta asibitin gunduma, na Madawa ko Buza ko Keita, daga can a nema mata eko a Tawa ko Maraɗi. 'Yan sa-kai na lafiya da ke zagaya ƙauyuka saboda tamowa da zazzaɓin yara, a koya masu tambayoyin nan, ba su fi ƙarfinsu ba.

A kuma rubuta. Alƙaluman da na karanto maku galibi na biranen da ke da asibitin koyarwa ne, na matan da suka samu isa can. Manyan likitocin gundumominmu uku za su iya buɗe shafi guda a rajista: mace nawa ta zo da kumburi da haki cikin wata biyar da haihuwa, shekarunta, nauyinta, ƙauyenta, haihuwarta ta nawa, watan da ta zo, da abin da ya same ta bayan shekara. Ɗaliban likitanci na Yamai da Maraɗi da Damagaram suna neman abin rubuta kundin kammala karatu, ga shi nan. A auna seleniyom a geron kwarin Magiya da na tuddan Keita, da jinin matan da ke cin sa. Kada a ce aiki ne sai Bature. Matan Zariyan nan na 1969, an bi sawunsu har zuwa 1995, kuma rahoton da aka buga a 1998 ya faɗa ƙarara cewa aikin ya dogara ne galibi a kan wata mata 'yar garin, wadda ta riƙa bibiyar su tana kawo labarinsu. Ta hanyarta aka gano da yawansu hawan jini ya kama su daga baya, abin da ke nufin wadda ta taɓa wannan ciwo ta riƙa awon jini iyakar rayuwarta.

Ku kuma magidanta, musamman na nesa. In ka kira gida, bayan ka tambayi yaro, ka ce a ba ta wayar, ka saurari numfashinta tana magana. Ka tambaye ta yadda take kwana. Cikin kuɗin da za ka aiko na rago da atamfa, ka ware na ƙwai da nama da wake nata ita kaɗai, tun tana da ciki, ka kuma ajiye na mota a hannun wanda ka amince da shi, tare da izinin a kai ta likita ba sai an jira ka ba. Mata da yawa jiran izinin nan ne ke cinye masu makonnin da magani zai yi aiki.

Akwai magana ta ƙarshe mai nauyi, ita ce ta ciki na gaba. Macen da ta yi wannan ciwo, ko ta ji garau, kada ta sake ɗaukar ciki sai an maimaita eko. In zuciyar ta koma daidai, akwai sauran haɗarin ciwon ya dawo, don haka cikin sai a ƙarƙashin idon likita, haihuwar kuma a asibiti. In ba ta koma daidai ba, sabon ciki yana iya zama ajalinta, kuma likitoci a ko'ina shawararsu a dakata. Hanyoyin ba da tazara suna nan a CSI, sai dai ba kowace iri ce ta dace da mai ciwon zuciya ba, likita ne zai zaɓa. Ranar da za a faɗi sakamakon eko ɗin, maigida ya je da ƙafarsa, in da hali da mahaifiyarsa, su ji daga bakin likita. In ita kaɗai ta dawo gida da saƙon, za a ce ƙin haihuwa take yi.